Turaren Rigar Sa'adu

Wani tsoho da ake kira Ba Grema ne ya kawo labarin, da hantsin wata Asabar. Yasmin tana zaune bakin ƙofar ɗaki tana tsefe kai, uwarta Ya Fanna kuma ta baje busasshen tattasai a tabarma tana tsince ruɓaɓɓu. Tsohon maƙwabcin nasu ya yi sallama, ya ƙi zama, ya tsaya dafe da sandarsa.

"Fanna, Bafulataninki ya riga mu gidan gaskiya."

Ya Fanna ba ta tambayi wane Bafulatani ba. Fulani sun cika garin Diffa, amma nata ɗaya ne. Hannunta ya tsaya cikin tattasan.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba ji na yi ba, gani na yi. Sojoji sun buɗe wani ɗaki a barikinsu, sun tara tsofaffin bindigogi da kaki da motoci, sun ce kowa ya je ya yi kallo. Jiya bayan Juma'a na shiga. Rigarsa tana can a rataye, babu mai ita a ciki, ga hotonsa a gefe. Wushiryar nan tasa, da kunnuwan nan kamar na zomo. Ina zan mance su?"

Babu wanda ya nemi ƙarin shaida. A wajen mutanensu na bakin tafki, ba a fito da rigar namiji a rataye ta inda jama'a za su gani sai ya bar duniya. Ranar ne mata ke wanke ta, su turara ta, kafin a ba da ita sadaka. Ya Fanna ta yi salati, ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Yasmin tana da shekara goma sha uku lokacin da garin Bosso ya watse karo na biyu. Ubanta Bunu, masunci, tun a harin farko aka rasa shi. Ita da uwarta suka bi ayarin mutane da ƙafa, suka nufi Toumour cikin zafin nan na gab da damina, wanda ko inuwa ba ta maganinsa. Ruwan gorarsu ya ƙare. Yasmin ta yanke jiki ta faɗi, Ya Fanna ta goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafunta suna jan ƙasa. Motoci sun wuce su, kowace a cike maƙil. Sai wata kamiyo, babbar motar soja, ita ma a cike, ta wuce su kaɗan ta tsaya. Direban ya leƙo, ya ga tsagen Barebari a fuskar Ya Fanna, ya daka tsawa yana dariya.

"Kai, ga baiwata an yar a hanya! Babarbariya, zo ki hau, kada a ce na bar dukiyata a daji!"

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kaka da kakanni, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi. Harshen Ya Fanna ya manne da ganda don ƙishi, amma wannan zagin ba ya kwana ba a rama ba.

"Bafulatani, wa ya ba ka mota? Ina ka baro shanun mutane?"

Ya sauko ya karɓi yarinyar, ya kwantar da ita a gaba kusa da shi, ya kwance rawaninsa ya jiƙa da ragowar ruwansa ya shimfiɗa mata a fuska. Ya Fanna ta matsu a gefe. Ba Grema yana cikin waɗanda ke baya. Duk tsawon hanyar direban bai bar ta ta yi kuka ba. Da ya ga idonta ya ciko sai ya jefo wani zagin, ita kuma dole ta haɗiye hawaye ta nemo amsa. A nan ne ta ce masa yana warin shanu da man gazuwal, kuma ranar da ya tako gidanta sai ta turara masa rigar nan da hannunta, ya shiga sahun mutane.

"Ki tanada, zan zo," in ji shi.

Ya sauke su bakin gudoro, wato titin kwalta, kusa da Diffa, ya juya mota ya koma ɗauko wasu. Wani soja ya ƙwala masa kira, Sa'adu. Abin da suka sani game da shi ke nan.

Suka zauna sansanin gudun hijira na Assaga cikin bukkar kara da tamfol, shekara bayan shekara. Da Ya Fanna ta fara samun aikin tsinkar tattasai a fadamar Komadugu, kafin ta yi wa kanta zane sai ta nemo icen sandal da farcen turare, ta soya da sukari, ta jiƙa da turaren ruwa, kamar yadda uwarta ta koya mata a Bosso. Ta ɗura a kwalba, ta toshe bakin da tsumma da danƙo. Irin wannan turaren yana ƙara kyau ne in ya daɗe a rufe. Gobara ta cinye layinsu, kwalbar ta fita a hammatarta. Kogi ya yi ambaliya, kwalbar ta haye a kanta. Ranar da suka samu ɗaki a cikin Diffa, ita ce ta fara shiga. Sa'adu bai zo ba, ita kuma ba ta taɓa buɗewa ba.

Bayan Ba Grema ya tafi, Ya Fanna ta share fuska ta dubi ƴarta, ta yi mata magana da Barbarci.

"Gobe za ki kai ni."

"Ya, barikin soja ne fa."

"Na sani. Bai zo da ransa ba, to ni zan je wa rigarsa. Mamaci ma ana turara masa kaya."

"Ba za su bari ki kunna wuta kusa da harsashi ba."

"To me aka kai ki lekol ki koyo? Faransancin naki na ado ne?"

Ba Sa'adu Yasmin take ƙi ba. Ko fuskarsa ba ta sani ba, abin da ta riƙe kawai shi ne sanyin jiƙaƙƙen ƙyalle a idonta. Ƙofofi ne ba ta so. Ta girma tana tsayawa a gabansu: ɗaga mayafinki, ina katinki, daga ina, zuwa ina, bi layi. Ta ga buhunan tattasai sun ruɓe a ajiye shekarun da aka hana fataucinsa. Ta ji an kira ta ƴar gudun hijira har sunan ya so ya cinye nata. Tun tana karatu a ƙarƙashin tamfol, allo a cinya, ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa in ta tsaya da ƙafarta ba za ta sake roƙon mai kaki komai ba. Ga shi ta tsaya. Yanzu ita ce Madam Yasmin, mai koyar da ƴan aji huɗu, wadda ko sufeton makarantu ya shigo ajinta sai ya jira ta gama jimla. Amma ta dubi uwarta, wadda idanunta suka fara yin hazo, bayanta ya fara lanƙwasa, ta san cewa in ba a sauke mata wannan kayan yanzu ba, da shi za ta tafi.

"Allah ya kai mu goben," ta ce.

Washegari da safe ta ɗaura zanenta mafi kyau. Ya Fanna ta ɗauki ƙunshi a ka, ta ƙi yarda a kama mata. Tun daga nesa sojan da ke gadin ƙofa ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya nan! Mama, sauke kayan. A hankali."

Yasmin ta san dalili. Kowa a Diffa ya san shekarun da ake turo mata da abu ɗaure a ƙarƙashin mayafi. Amma sanin bai hana ƙirjinta ɗaukar zafi ba. Ta buɗe baki da Faransanci, uwarta ta taka mata ƙafa.

"Rufe mini baki. Shi ma uwa ce ta haife shi, tana can tana jiran ya koma."

Ya Fanna ta durƙusa ta kwance ƙunshin, tana ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya don ya gani: kasko, gawayi, ashana, da kabbasa, kwandon nan da ake kifawa kan kasko a shimfiɗa tufa a bisa. Sai kwalbar.

"Mene ne a ciki?"

"Turare ne, ɗana."

"Buɗe."

Ta shafa bakin kwalbar da babban yatsa.

"Ba kai na yi wa ba," ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci, "amma aikinka ne."

Ta ɓanɓare danƙon, ta zare tsumman. Iska ta ɗauki ƙamshin ta kai masa inda yake tsaye. Sojan ya shaƙa, ya sake shaƙa, bakin bindigarsa ya sauka ƙasa.

"Kai, Mama! Amarya za ki kai wa wa a cikin bariki?"

"Ka ga na yi kama da mai kai amarya? Gaisuwar mutuwa na zo."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Kwalba za ta iya shiga, amma kasko da gawayi da ashana sai dai su jira a wajensa.

A filin bariki an jera motoci ƙarƙashin rumfar kwano. Ga wata tsohuwar Landirobar da aka ɗora kan duwatsu, ga motar sulke da gefenta ya lotse, ga tarin baburan da aka ƙwato, wasu a ƙone. A ƙarshen layin akwai kamiyo. Ya Fanna ta zagaya ta, ta leƙa gaba, ta girgiza kai.

"Ba ita ba ce. Tamu ta fi wannan muni."

Mai kula da ɗakin tarihin wani dattijon soja ne mai furfura a gashin baki, Ajidan Abbas, mutumin Damagaram. Ya tare su a ƙofa da fara'a, ya ce su bi ta dama, kuma kada a haye igiya. Ɗakin dogo ne, yana warin man bindiga da sabon fenti. Daga farko masu ne da takubba da kwari da baka. Sai jar dara da kakin sojojin zamanin Nasara, wandon ya tsaya a gwiwa. Sai sirdin raƙumi na masu sintirin hamada, da wata rediyo mai girman akwatin aure. Ajidan yana bayani, Ya Fanna tana cewa "to, to" ba tare da ta saurara ba, idonta yana gaba.

Yasmin ce ta tsaya a wani teburi. Bindigogin mutanen daji ne da aka ƙwace, an ɗaure wasu da robar taya, an rataya wa wasu layu. Ta san muryarsu tun kafin ta san kamarsu. Ita ce muryar da ta fitar da su Bosso, ita ce ta sa har yau in ƙofar aji ta bugu da ƙarfi sai alli ya kuɓuce mata. Ba ta taɓa ganinsu haka ba, a kwance, shiru, tsatsa ta fara cinsu. Ashe ƙarfe ne da katako. Ta tsaya a kansu tana kallonsu daga sama, ta ƙi gusawa sai da numfashinta ya daidaita. Su ne a teburi, ita ce a tsaye da zanenta mai kyau.

"Yasmin," uwarta ta kira a hankali. "Ga shi."

A bangon ƙarshe an jera hotunan sojoji masu yawa. Gefe kaɗan, bayan igiya, an sa wata rigar kaki a jikin katako, ta koɗe a kafaɗa, an yi mata faci a gwiwar hannu. Kusa da ita hoton wani siririn mutum ne yana dariya, da wushirya, da kunnuwa kamar za su tashi da shi. Yasmin ta daɗe tana kallonsa. Yau ta fara ganin fuskar.

Ya Fanna ta ɗaga hannuwa tana addu'a, hawaye yana bin tsagen kumatunta. Da ta shafa, sai ta miƙa hannu ta saman igiya.

"A'a, Mama," in ji Ajidan. "Ba a taɓawa."

Ya Fanna ta dubi ƴarta. Yasmin ta gyara tsayuwa. Ta yi masa bayani da Faransanci tsaf, cewa suna son a ba su rigar na ɗan lokaci su turara ta, a nan ko a waje, a gaban idonsa. Ajidan ya saurara har ta gama, sannan ya amsa da Hausa.

"Madam, doka ce. Abin da ya shigo ɗakin nan ba ya fita. Wuta kuwa, ko a mafarki. In na ba ku yau, gobe wani zai ce in ara masa takobi ya je kamun amarya."

Sai ita ma ta ajiye Faransancin.

"Ajidan, ba roƙo na zo yi ba, kuma ba kallo na zo ba. Rabin abin da ke ɗakin nan na gan shi yana aiki. Matar nan da kake gani ta goya ni a hanyar Toumour ina da girman da zan goya ta. Mai rigar nan ne ya tsaya mana. Ta yi masa alkawarin turare, ta haɗa shi tun muna kwana kan kara a Assaga. Wuta ta ci ɗakinmu, ruwa ya ci, yunwa ta sa mun sayar da tukunya, wannan kwalbar ba ta taɓa ta ba. Mun bi dokarku a kowace ƙofa, ba mu taɓa tsallake ko ɗaya ba. Yau mutum ya mutu, a ce tsohuwa ba za ta yi wa rigar mamaci abin da ake yi ba?"

Ajidan ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Wane mamaci?"

"Sa'adu."

"Sa'adu direba?" Ya dubi hoton, ya dube su. Dariya ta taso masa, ya ga fuskar Ya Fanna ya danne ta. "Mama, waɗancan na bango su ne suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wannan kuwa yana Dakoro yana cin tuwo. Nakiya ta tashi da motarsa, ta ɗauke masa ƙafar hagu daga gwiwa, aka sallame shi. Da ya ji muna tara kaya, shi da kansa ya aiko da rigar. Ya ce tumbi ya hana ta rufuwa."

Yasmin ta maimaita wa uwarta da Barbarci, don kada a ce kunne ne. Ya Fanna ta sulale ta zauna a kan siminti, kwalbar a ƙirjinta, tana ta alhamdu lillahi. Can ta ɗago, ta share ido da gefen mayafi, fuskarta ta murtuke.

"Da ransa? Da ransa ya ba da riga a rataye gaban jama'a? Na san Bafulatani ba shi da hankali, amma ban san abin ya kai nan ba."

Wannan karon Ajidan bai iya riƙe dariyar ba. Ya zaro wayarsa ya latsa, ya buɗe murya don kowa ya ji. Aka ɗauka, ƙarar injin niƙa tana tashi a baya.

"Ajidan, lafiya? Ko ɗakin naka ya kama da wuta?"

"Saura kaɗan. Wata tsohuwa ce ta zo da gawayi, za ta yi gaisuwar mutuwa."

"Wa ya rasu?"

"Kai."

Ya Fanna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da bakinta.

"Kai, Bafulatani."

Aka kashe injin.

"Wace baiwar tawa ce wannan?"

"Uwargijiyarka ce, ta hanyar Toumour."

"Mama, ki yi mini aikin gafara. Na ɗebi mutane da yawa a hanyar nan, har ban san..."

"Wadda ta ce sai ta turara ka."

"La ilaha illallahu! Mai bakin nan! Wallahi har yau ban haɗu da wanda ya zage ni kamarki ba. Kina nan?"

"Ina nan. Kai ne ka yi ƙarya, ka ce za ka zo."

"Aka ɗauke mu zuwa wani wuri, Mama. Daga can kuma ƙafa ta ƙi." Da ya sake magana, wasan ya fita daga muryarsa. "Yarinyar fa? Wadda na kwantar a gaba. Da na sauke ta ko motsi ba ta yi. Na sha tunawa da ita, ban san wa zan tambaya ba."

Ya Fanna ta miƙa wa ƴarta wayar.

Yasmin ta karɓa tana kallon facin hannun rigar.

"Baba Sa'adu, ni ce. Yasmin sunana. Na tashi."

"Allahu akbar."

"Na yi karatu. Yanzu ina koyarwa a lekol, nan Diffa. Na gode. Motoci sun wuce mu, kai ka tsaya. Allah ya tsaya maka duniya da lahira."

Daga can aka ji yana fyace hanci, ya daɗe yana yi.

"Babarbariya ce malama?" ya ce daga baya, murya a dishe. "To yaran Diffa sun shiga uku."

Yasmin ta fashe da dariya, hawaye yana zuba, ba ta ma damu ta ɓoye ba. Ajidan ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta karkace ba. Ya Fanna ta ƙwace wayar ta kai ƙara, cewa ga turare ta kawo, ga riga a gabanta, amma wani mai gashin baki ya hana.

"Ajidan," in ji Sa'adu, "rigar nan tawa ce ko taku?"

"Ta tarihi ce yanzu."

"To ni na aiko ta, ban wanke ba. Ka fitar mata da ita waje, nesa da harsashinku. In babba ya tambaya, ka ce mai riga ne ya ce a gyara kayansa. Ka bar matar nan ta huta, ni ma in huta."

Ajidan ya shafa gashin bakinsa, ya leƙa ƙofa, ya dubi Ya Fanna da ke zaune a ƙasa tana jiransa da ido.

"Bayan ƙofar bariki," ya ce. "Ni zan ɗauko ta, ni zan mayar. Kuma in kika ƙona mini ita, Mama, ke zan rataye a wurin."

"Ina turara kaya tun kana cikin tsumma," in ji Ya Fanna, ta miƙa wa Yasmin hannu a tashe ta.

Akwai wani itacen dogon yaro a gefen hanya, ɗan nesa da ƙofa. Nan suka zauna. Sojan gadi ya miƙo musu kayansu, yana tambayar yadda gaisuwar mutuwa ta koma haka, Ajidan ya ce masa ya kula da ƙofarsa. Ya Fanna ta hura gawayin, ta jira har harshen wutar ya mutu, garwashi ya yi fari a baki. Ta karkata kwalbar ta zuba rabi, ta toshe sauran ta miƙa wa Ajidan.

"Wannan na mai ƙafa ɗaya ne. In wani zai tafi wajensu, a kai masa. A gaya wa matarsa kaɗan ake zubawa, kuma a kan garwashi, ba cikin wutar tuwo ba. Na san halinsu."

Ta kifa kabbasa, ta karɓi rigar daga hannunsa da bismilla, ta shimfiɗa. Hayaƙi ya taso fari, mai kauri, ya cika cikin rigar har ta ɗan kumbura, ya riƙa fita ta wuya da hannuwa. Wasu mata masu tallar kifi suka rage tafiya. Wani mai amalanke ya tsaya cak yana shaƙa. Ya Fanna ba ta ga kowa ba. Tana juya rigar, baya, gaba, aljihu, bakinta yana motsi. Ta yi wa Sa'adu addu'a, ta yi wa uwar da ta haife shi, ta yi wa na bangon can da ba ta san sunansu ba, ta yi wa Bunu.

Saura wuyan rigar, inda gumi ya fi zama, kuma shi sai an ɗaga an riƙe a kan hayaƙi. Ta ɗaga, ba ta jima ba ta sauke.

"Yasmin, kama mini. Hannuna ya gaji."

Motar sojoji tana fitowa daga bariki a lokacin, na baya duk sun juyo suna kallo. Yasmin ta tattare zanenta mai kyau, ta durƙusa a cikin rairayi, ta karɓi rigar ta kafaɗu biyu. Ya Fanna ta jingina da gindin itacen ta miƙe ƙafafu, ta lumshe ido. Hayaƙin yana shiga idon Yasmin, ba ta kawar da kai ba. Ta riƙe har garwashin ya cinye turaren.